Gandun Baba da Baƙo Daga Punjab

Wanda bai taɓa fita Kano ta arewa ya ratsa ƙasar Ungogo ya nufi Minjibir ba, da wuya ya gane abin da muke nufi idan muka ce mu ba mu da daji. Gona ce ke bin gona. Inda ta wane ta ƙare, nan ta wane ta tashi, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko jerin lalle. Daga wannan gida zuwa wancan bai wuce a ɗaga murya a ji ba. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da kanya sun cika ido, amma kowace bishiya da mai ita, har akan sami bishiya ta wani, ƙasar da take tsaye a kai ta wani. Ba a hutar da gona, don babu inda za a koma kafin ta huta. Kowace damina sai an nome ta, tun zamanin kakanni, kuma taki ne kaɗai ya hana ta mutuwa.

Da rani, tun kafin kiran assalatu, Yaya zai ɗaura wa jakuna itace ko harawa ya kora su birni. Ta Ƙofar Mazugal yake shiga. In ya sayar da kayansa sai ya bi bola-bola yana cika mangala da toka da kashin awaki da sharar gidajen birni, ya juyo da rana tsaka, ya iso gida wajen la'asar fuska ta yi furu-furu. Kashegari a sake. Kafin ruwan farko ya sauka gonarmu ta cika da tsibi-tsibin taki a jere, kuma da wannan tsibi Baba yake auna mutane. In aka zo neman auren wata 'yar dangi, bai damu da rigunan yaron ba. Sai ya nemi dalilin bi ta gonar gidansu ya ga abin da suka zuba. Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da rahoton da wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya rubuta tare da abokin aikinsa a 1965 a kan mutane da gonakin ƙasar Ungogo. Na karanta shi da sha'awa, sai dai rabin abin da ke ciki jakunan gidanmu sun riga shi sani.

Gidanmu gandu ne. Baba ne mai gida, a ƙarƙashinsa akwai ƙaninsa da muke kira Baffa, da Yaya wanda shi ne ɗan fari, da mu ƙanana. Ƙa'idar ba a rubuce take ba, amma ba wanda bai san ta ba. Daga safe zuwa azahar kowa na gonar gandu. Bayan azahar, da kuma ranar Juma'a, mutum ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne, ya ga dama ya sayi keke, ya ga dama ya sayi rediyo. Shi kuma Baba, ciyarwa a wuyansa take, da harajin kowane baligi, da garma da fartanya, da sadakin auren fari, da ragon suna. Rumbu ba mai buɗe shi sai shi. Mata suna kulle, amma kulle bai hana Inna neman kuɗi ba: tana soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, yayyena mata su ɗauki talla. In damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, a wajenta Baba ke rance. Bashi ne kuwa, da kaka sai ya biya har kwabon ƙarshe, ita ma ba ta jin nauyin tuna masa.

A 1970 mai unguwa ya zo da saƙon dagaci cewa ana son yaro ɗaya daga gidanmu a firamare. Baba bai yi dogon tunani ba. Yaya ya riga ya iya huɗa, ya san hanyar birni, ya yi nisa a allo. Ni kuwa ga ni siriri, ga yawan laulayi, in aka ba ni kunya a gona sai an dawo an taya ni. Aka ba da ni. A lissafin wancan lokaci ba gata aka yi mini ba, wanda gandu zai fi jure rashinsa aka cire.

Sai ga farin 1973. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri, gero ya ƙone a tsaye. A shekarar ce aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira, abin da Baba bai taɓa amincewa da shi ba, don har ya koma ga Allah da fam da sule yake lissafi. Aka sayar da awaki, Yaya ya tafi cin rani birni yana ga-ruwa da dako a Sabon Gari, yana aiko da kwanon dawa ta hannun masu jakuna. Ba mu gama farfaɗowa ba, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kuturtar da ita a ƙasar Kano baki ɗaya. Gyaɗa kuwa ita ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure. A kakar nan aka sa za a kai lefen Yaya. Iyayen yarinyar suka yi haƙurin shekara guda, suka gaji, suka ba wani tela. Ban taɓa jin Yaya ya ambaci zancen ba, ko sau ɗaya. Inna ma, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta ba shi haƙuri. Sai dai na lura furarsa ta fi ta kowa nono a watannin nan.

Da na ci jarrabawa zuwa makarantar kwana a 1977, gwamnati ce ke ciyarwa da ba da littattafai, amma akwati da bokiti da fitila da takalmi sai daga gida. Aka saya mini. Ban tambayi inda kuɗin ya fito ba, yaro ba ya tambayar irin wannan.

Makarantun sakandaren Kano a shekarun nan cike suke da malamai baƙi, 'yan Indiya da Pakistan da Masar da Filifin da Gana, domin kuɗin mai ya buɗe makarantu fiye da yadda ake da malaman gida. Wanda ke koya mana kimiyyar noma mutumin Punjab ne ta ɓangaren Pakistan, dogo, mai furfura a gefen kunne, ya yi karatu a jami'ar noma ta Faisalabad. Wata rana yana bayanin hutar da gona da sauya shuka, na ɗaga hannu na ce mu a garinmu ba a hutarwa, kuma a gona ɗaya muke zuba gero da dawa da wake da gyaɗa. Ya ce shekara nawa ana haka? Na ce tun kafin a haifi kakana. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce sai ya gani da idonsa.

Wata Asabar cikin kakar 1980 ya ɗauko ni a 'yar Volkswagen ɗinsa, matarsa a baya. An riga an yanke gero an ɗaure, dawa na tsaye ta sunkuyar da kai, wake ya malale a ƙarƙashinta. Motar ta kafe a yashin burtali, yaran unguwa suka turo ta har ƙofar gida suna ihun ga Ba'indiye, don a wajenmu duk mai irin gashin nan Ba'indiye ne, samarin da suka taɓa shiga silima a birni kuwa jira suke ya fara waƙa. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Baƙon bai zauna ba sai da ya karyi ɗan reshe ya tauna bakinsa ya mai da shi asuwaki, ya ce wannan bishiya daga ƙasarsu ta fito, akwai ta a tsakar gidansu. Baba ya ce, "To, ka gaya masa 'yar'uwarsa ta riga shi zuwa, kuma ba mu wulaƙanta ta ba."

Ni ne tafinta. Na tsuguna can gefe yadda aka saba, Baba ya ce, "Matso nan, kai ne bakinmu yau." Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi a gaban baƙo ba sai ranar.

Bayan an sha fura, wadda baƙon ya ce suna da irinta ta nono zalla, aka shiga gona. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murje ya shinshina. Ya bi kunya-kunya yana duba kututturen gero, da dawar da aka bar mata fili bayan an cire geron, da waken da ya rufe ƙasa, da yakuwa da kuɓewa a gefe. Ya tsaya a gindin wani ƙaton gawo a tsakiyar gona ya ce me ya sa ba a sare shi ba. Baba ya yi murmushi ya ce gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa ya ba awaki 'ya'ya, sannan ya nuna masa dawar da ke ƙarƙashinsa, wadda ta fi ta ko'ina kauri. Yaya na biye da mu a baya, fartanya a kafaɗa, bai ce uffan ba.

Daga nan Baba ya karɓi tambaya. Baƙon ya ba shi labarin ƙasarsu: manyan koguna da ke gangarowa daga duwatsu masu ƙanƙara, da magudanan da aka haƙa tun zamanin Turawan Ingila suna kai ruwa har bakin gona, da girbi biyu a shekara, alkama da sanyi, auduga ko rake ko shinkafa da zafi. Ya ce a shekarun 1960 aka kawo musu wata gajeriyar alkama mai son ruwa da takin zamani, ta cika musu rumbuna. Baba ya san lambu da jigo a bakin Jakara, ya kuma je ya ga dam ɗin Wasai, amma ƙasa guda da ba ta jiran hadari, wannan ya fi ƙarfin tunaninsa. Da aka zo kan shanu ne aka kusa ɓatawa. Baƙon ya ce matansu kan cura kashin shanu su manna a bango ya bushe, su hura wuta da shi. Baba ya tsaya cak.

"Taki? A murhu?"

Na ce haka ya faɗa. Baba ya yi salati. Ya shekara yana ba mutane wannan labari a bakin masallaci.

Da muka koma tabarma ya ce, "Tambaye shi, mutanen da ba sa jiran hadari, me ke hana su barci?" Baƙon ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ƙasa. Ya ce shi ba a Pakistan aka haife shi ba, a yankin Jalandhar ne, wanda yanzu ke cikin Indiya. A watan Agustan 1947, da Turawa za su tafi, aka ja layi aka raba Punjab biyu. Miliyoyin mutane suka tashi, Musulmi suka yi yamma, mabiya addinin Hindu da na Sikh suka yi gabas, aka kashe ɗimbin jama'a a hanya ta kowane ɓangare. Shi yana ƙaramin yaro suka biyo amalanken shanu a ƙafa, suka bar masara da rake a tsaye. A can aka ba su gonar wasu mutanen Sikh da su ma suka gudu, kusa da garin da ake kira Lyallpur a lokacin, kafin a sake masa suna Faisalabad.

Ina fassarawa murya na rawa, don ban taɓa jin wannan a aji ba. Na zaci Baba zai tambayi yawan waɗanda suka mutu. Sai ya ce, "Gonar da suka bari, sun gyara ta a shekarar?" Baƙon ya ce sun gyara. "Wadda suka tarar fa?" Ya ce a gyare take, da auduga a tsaye. Baba ya jinjina kai ya ce, "Ashe manomi ya ci gumin manomi. Allah ya sa wanda ya sami tasu ya riƙe ta amana." Baƙon ya cire tabarau ya goge.

A cikin gida ba a nemi tafinta ba. Da na leƙa na tarar Inna ta kama hannun baƙuwar tana duba zanen lallenta, ita kuma ta buɗe kwanon da ta zo da shi na wata waina ta alkama mai faɗi. Inna ta gutsura ta yanke hukunci nan take: gurasa ce da ba a bari ta tashi ba. Ta ja ta ɗaki ta nuna mata jeren kwanukan da take tarawa don auren ƙanwata. Baƙuwar ta kama kai tana dariya, ta nuna ƙirjinta ta ɗaga yatsu uku, wato ita ma 'ya'ya mata uku ke jiran ta. Da la'asar aka yi jam'i, baƙon ya yi ƙabalu, wani tsoho ya ja ni gefe ya ce ko almajirin Shehu Ibrahim Kaulaha ne. Aka sallame su da kaza da damin gero da ƙullin mazarƙwaila, wadda ya ce su ma haka suke dafa ruwan rake.

A hanyar komawa makaranta ya daɗe bai yi magana ba. Mun kusa shiga kwalta ya ce, "Ka lura duk tambayar da na yi a kan lokacin shuka ko yawan taki, kafin mahaifinka ya amsa sai ya waiwayi wanka?" Ban lura ba. Ya ce shi ma yana da wa irin wannan, bai taɓa fita lardinsu ba, da babban yatsa yake sa hannu a takarda. Gonar da aka ba su a 1947 ta ishi uba ɗaya, ba ta ishi 'ya'yansa maza ba, dole wani ya fita, kuma wanda ya fita a kan wuyan wanda ya zauna ya fita. Ya ce abin da ya kawo shi Kano ke nan: kowane wata yana aika wa wansa kuɗi, sun haƙa rijiyar burtsatse, sun aurar da ƙanne. Sannan ya tambaye ni wa ya saya mini akwati.

Da hutu na tambayi Inna. Ta ce ragon Yaya ne, wanda ya saya da kuɗin gayaunarsa yana kiwo don neman wani auren.

Har zuwa ranar ina ɗaukar kaina mutum biyu da ba sa jituwa: ɗan ƙauye a makaranta, ɗan boko a ƙauye, wanda hannunsa ke yin bororo in ya riƙe garma kwana biyu. A wannan malami na fara ganin irin mutumin da zan zama. Ya haye teku, yana sa kwat, yana tuƙa mota, amma har yanzu ɗan gandu ne, albashi ne fartanyarsa. Ban ji wannan a matsayin ɗauri ba. Sauƙi na ji, don na san inda nake tsaye.

Gandun kansa bai daɗe ba. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna, kuma sun yi gaskiya, amma a ganina ɗaya daga igiyoyin da ke riƙe ɗa a ƙarƙashin ubansa ta tsinke ke nan. Baffa ya ware bayan farin 1984. Malamin namu ya koma gida wajen 1986, lokacin da naira ta karye, abin da zai aika wa wansa ya zama ba ya biyan nisan da ya yi; haka yawancinsu suka watse. Ni na zama malamin makaranta a birni. Yaya ya yi aure, ya ci gaba da riƙe gonakin Baba.

Baba ya rasu a 1989. Bayan sadakar arba'in aka taru rabon gado, da liman da mai unguwa da dattawa, da igiya da turaku. Aka fitar wa Inna da abokiyar zamanta tumuninsu, aka ba namiji rabon mace biyu, aka ƙidaya itatuwa daban, ɗorawa ta faɗa wa wannan, tsamiya ta faɗa wa waccan. Da aka zo kan gonar bayan gida, wadda ta fi kowacce shan taki, aka yanka ta aka jefa ƙuri'a. Yankin da gawon nan yake ya faɗo a kaina. Wurin ya yi tsit. Kowa a nan ya san ƙafar wa ta yi safarar ƙasar da ke wannan yanki daga birni, shekara da shekaru. Yaya ya kafa turke da hannunsa, ya taka shi da dunduniya, ya ce, "Allah ya sa albarka, Malam."

Rabon Allah ne, ba mai ja da shi, kuma haƙƙina ne. Amma igiya tsawo da faɗi take aunawa, ba ta auna wanda ya rasa aure a shekarar da gyaɗa ta mutu. A gaban dattawan na ce, "Yaya, ka ci gaba da nomanta, aro ne ba ranar karɓa." Ya ce to. 'Yan'uwanmu mata ma suka bar nasu a hannunsa. Tun daga nan kowace kaka dami ke zuwa mini birni, kowace bazara ni ke aika takin zamani, ba mu taɓa zama mun yi lissafin wa ya fi ba.

Yanzu birni ya cinye Bachirawa da Rijiyar Zaki, ya wuce Panisau yana tahowa. Dillalan fili na yawo a babura suna yanka gonaki awon igiya, kuma kuɗin da suke faɗa manomi bai taɓa riƙe irinsa ba. Yawancin masu sayarwa irina ne, 'yan boko da 'yan kasuwa da suka gaji yanki ba su taɓa nome shi ba, sukan yi ciniki ta waya, wanda ke noma wurin sai dai ya wayi gari ya ga an kafa bulo a cikin wakensa. Ba na zargin kowa, kuɗin makaranta da na asibiti ba sa jira. Ni ma an yi mini tayi, har ɗaya daga 'ya'yan Yaya mai tuƙa Adaidaita Sahu ya same ni a ɓoye ya ce, "Baffa, ka sayar mana mu huta." Na ce ya je ya faɗa a gaban ubansa.

Yaya ya tsufa, gwiwa ta hana shi huɗa, babban ɗansa ke riƙe da garma. Bara na je da shaidu, a gaban mai unguwa, na rubuta takarda na mallaka wa Yaya yankin nan kyauta, ya dangwala yatsa. Kai kuma da kake karanta wannan a ofis ko a shago, in kana da yanki a gida kuma matsi ya sa dole ka sayar, kafin ka kira dillali ka hau mota ka je ka sami wanda ke nome shi, ka zauna a tabarmarsa, shi za ka fara yi wa tayi.